Masu Ciki Talatin da Shahon Dakta

Akwai halin da ba a cika jinkirta wa mai shi sakayya ba: mutum ya sami ilimi a takarda, sannan ya juyo ya raina hannun da ya share masa majina. Wannan halin ne ya ci Dakta, kuma da rana tsaka ya ci shi, a gaban mutanen da ya fi son su ga girmansa.

Dakta yana aiki a wata cibiyar binciken dabbobi. Can ƙarshen ginin, in ka wuce wurin wanke kwalabe, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. A cikinsa akwatunan gilashi ne guda talatin, kowanne da yashi a ƙasa, da faffaɗan dutse, da ƙwan fitila mai ɗumi a sama. Kowane akwati da ƙadangare mace guda ɗaya. Ba irin na jikin katanga ba, masu gyaɗa kai su je su binne ƙwai a ƙasa. Waɗannan dangin kulɓa ne, masu santsin jiki da gajerun ƙafafu, kuma haihuwa suke yi kamar akuya. Daga wani dutse mai nisa aka kamo su, tafiyar kwana biyu a mota, kuma ba kowace shekara ake ba da izinin kamun ba. A wannan shekarar duk talatin ɗin ciki gare su, cikin kuma ya tsufa.

Shekara bakwai Dakta ya yi yana bin wata jijiya a jikinsu wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Abin da ya gano shi ne jijiyar tana gangarawa har mahaifa. In tsoro ya kama uwar, sai jijiyar ta ɗaure mahaifar tamau, naƙuda ta tsaya cak, 'ya'yan su zauna a ciki har sai hankalin uwar ya kwanta. Ya haɗa allura biyu, ɗaya ta saki jijiyar, ɗaya ta tayar da naƙuda. Ya gwada a kan ɗaya, ya gwada a kan biyu, abin ya yi. Sai aka aiko masa cewa manyan malamai uku za su zo nan da kwana goma su gani da idonsu. In sun gamsu, shi za a ba shugabancin sabon sashen da ake ginawa. Tun daga ranar Dakta ya daina tafiya irin ta mutane, ya koma taku ɗai-ɗai.

Mai kula da ɗakin kuwa wata dattijuwa ce. Shekara ashirin da shida tana cibiyar, da tsintsiya ta fara. Ƙanwar uban Dakta ce. Uwarsa ta rasu yana ɗan wata tara, ita ta ɗauke shi ta goye, ita ta tauna masa abinci, ita ce kuma ta durƙusa gaban tsohon shugaban cibiyar har aka ɗauke shi aiki. A gida yana ce mata Gwaggo, ita tana ce masa Auta. A wurin aiki ya kafa mata doka, kada ta kuskura wani ya san abin da ke tsakaninsu. Kowa ya sani, har maigadi. Sun dai bar shi da haukansa, a bayan idonsa suna ce masa Sai-na-ce.

Gwaggo ba ta iya karatu ba, don haka ba da lamba take gane akwatunan ba. Akwai Guntuwar-jela, akwai Mai-fushi, akwai Kasala, akwai Ci-ka-bar-ni. In ciki ya tsufa tana da tsarinta. Takan cire takalmi a bakin ƙofa. Takan sa wata tsohuwar riga guda ɗaya wadda ba a wanke ta da sabulu mai ƙamshi. Takan lulluɓe gilasan da tsofaffin buhuna, ta bar 'yar kafa ta iska. In za ta zuba musu gyare ba ta kallonsu ido da ido, sai ta wutsiyar ido. Da ta ga wata ta daina ci, ta kwanta a kan dutse ta ɗan ɗaga ƙugu, ta san gobe ko jibi ne. A hannunta da wuya a yi asarar ɗa.

Washegarin saƙon Dakta ya shigo ɗakin da takalminsa ƙwas-ƙwas, turarensa ya riga shi shiga. Bayansa Mataimakiyarsa ce riƙe da littafi, sai tsoho Mai-kwalabe, mai wanke kwalaben cibiyar, da ya biyo su da bokiti.

Ya ce, "Wannan ɗakin bincike ne ko bola? Waɗannan tsummokaran fa?"

Gwaggo ta ɗora yatsa a baki. "A hankali, Dakta. Mai-fushi tana kan gwiwa."

"Kulɓa ce mai gwiwa? To a kira mata ungozoma mana, a dafa ruwan zafi." Ya waiwaya ya ga ko za a yi dariya. Mai-kwalabe ya taya shi da 'yar guntuwa, don gudun fitina.

Dakta ya fizge buhu ɗaya ya yar. Kulɓar da ke ciki ta zabura ta daki gilashi, ta cusa kai ƙarƙashin dutse, rabin jikinta a waje yana rawa.

Ya ce, "Yau duk za a kwashe su a kai babban zaure. A wanke gilasan, a sa fararen fitilu, a kafa kyamara. Baƙi ba za su zo su tarar da ni cikin buhuna kamar mai sayar da gawayi ba."

"Shida daga cikinsu ba za su kai Juma'a ba. Ka bar su su sauka tukuna, sai ka kai baƙinka su ga 'ya'yan."

"'Ya'yan za su zo gani? Haihuwar za su gani, a sa'ar da na ce, a mintin da na ce."

Gwaggo ta dube shi, abin ya zo mata wuya, bakinta ya suɓuce. "Haba Auta, ka ji tsoron Allah mana."

Mataimakiya ta sunkuyar da kai cikin littafinta. Dakta ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya matso kusa da ita, ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ciwo.

"A nan babu Auta. A nan akwai Dakta, akwai mai shara. Zo nan. Tunda kin fi ni sani, karanta mana abin da ke jikin akwatin nan."

Ta dubi 'yar takardar da aka manna.

"Harafi uku ne kacal. Karanta. Muna jira, Farfesa."

Ta kau da kai daga takardar.

"To kin gani. Kawo makullin. Ki je gida ki huta, sai baƙi sun tafi. Wannan rigar kuma a ƙone ta, ta ishe ni da wari."

Ta kwance makullin daga bakin zanenta, ƙullin ya ƙi kwantuwa, shi kuwa ya miƙa tafin hannu yana kaɗa ƙafa har ta gama. Ta fita ta manta takalminta a bakin ƙofa. Mai-kwalabe ne ya bi ta da su.

Aka kwashe akwatunan aka jera a babban zaure, fes-fes, kowanne da sabuwar lamba. Sai dai maganar Gwaggo ta tsaya wa Dakta a rai, ba don tausayi ba. In shida suka haihu kafin Juma'a, wasu goma suka biyo baya, me zai nuna wa baƙi? Ya zauna a ofis yana juya biro, can sai ya yi murmushi. Ai shi ne mutumin da ya san makullin mahaifa. Tsoro ke rufe ta. To a ba su tsoro.

A ɗakin ajiye kayan tarihi na cibiyar akwai wani shaho da aka cusa wa auduga, fukafukansa a buɗe, idonsa na gilashi. Dakta ya sa aka ɗauko shi, aka ɗaure da igiya a jikin fankar sama, aka kunna ta a mafi ƙanƙantar gudu. Shaho ya riƙa kewaya zauren a hankali, inuwarsa tana faɗawa kan akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda inuwar ta taɓa sai ta zabura. Kafin ta huce, inuwar ta sake zagayowa. Dakta ya hana a kashe fararen fitilun. Ya kuma sa aka cire duwatsun, don kada a sami wurin ɓuya.

Mataimakiya ta same shi yana tsaye yana kallo, hannu a aljihu.

Ta ce, "Yallaɓai, mafi tsawon da muka taɓa riƙe su kwana uku ne."

"To yanzu za mu san na kwana goma. Ba shi ne bincike ba, Malama?"

"In 'ya'yan suka..."

"Ke ma kin fara karatu a makarantar mai shara ne? Rubuta: rana ta farko, babu wadda ta haihu."

Ta rubuta. Rana ta biyu ma ta rubuta, ta uku, ta biyar. Juma'a ta zo ta wuce, ko ɗaya ba ta sauka ba. Dakta ya riƙa shigowa da safe yana tafa hannu. "Kun gani? Ko soja ba su kai su bin umarni ba." Bai damu da cewa sun daina cin abinci ba. Gyare yana hawa bayansu yana yawo, ba mai kula shi. Bai damu da hancinsu ba, wanda ya saɓule ya yi ja saboda gogar gilashi suna neman hanyar fita.

A rana ta takwas aka bugo waya: ɗaya daga cikin malaman ba shi da lafiya, an ɗaga zuwan da mako guda. Mataimakiya ta ce, "Alhamdulillahi, sai a sauke shahon, a ba su allurar yau, mu ɗauka a kyamara mu nuna musu."

Ya ce, "Hoto kowa ma yana iya haɗawa. Wanda ya riƙe takwas zai riƙe sha bakwai."

Gwaggo a ɗakin baya na gidansa take zaune, amma tun ranar ya daina biyawa ta wajenta, yana fita kafin ta idar da lazimi. Labarin shaho ya kai mata ta bakin Mai-kwalabe. A rana ta sha biyu ta tare motarsa a ƙofar cibiya. Ta dafa gilashin, dole ya ɗan sauke.

"Dakta," ta ce, ta kiyaye sunan wannan karon, "ban zo don aikina ba. Riƙe aikin. Waɗanda ke cikin cikin nan sun gama girma, abincinsu ya ƙare, iska suke nema. Ka bar ni da su yini ɗaya. Ba zan faɗa wa kowa ba, ka ce kai ka yi."

"Kin gama?"

"Guntuwar-jela haihuwarta ta fari ce, ba ta da ƙarfi. Ko ita kaɗai ka ba ni."

"Hannunki zai ɓata min gilashi." Ya ɗaga gilashin, ta janye yatsunta da sauri. Ya leƙo ta ɗaya gefen ya kira maigadi. "Ka ga tsohuwar nan? In ta sake taka cikin nan, kai da ita za ku tafi tare."

Maigadi ya ce, "To, ranka ya daɗe," yana kallon ƙasa.

A rana ta sha biyar aka tarar da biyu sun sandare, ciki a kumbure. Dakta ya ɗauke su da kansa ya jefa a firji, ya sa aka janye akwatunansu, aka matso da sauran don kada a ga gurbi. "Ashirin da takwas ma jama'a ce," in ji shi. Wani ɗan wari ya fara tashi a zauren. Ya aika aka sayo turaren fesawa gwangwani uku.

Ranar baƙi ya zo da sabuwar kwat. Da sassafe ya hau kujera ya yanke shahon, ya cusa shi cikin kabad. Da hantsi baƙi suka iso: maza biyu, da wata tsohuwar Farfesa mai furfura da sanda, wadda aka ce tun kafin a haifi Dakta take aiki da ƙadangaru. Aka jera kujeru, ma'aikata suka tsaya a baya. Dakta ya yi jawabi na rabin sa'a, ya zana jijiyar a allo, ya zana mahaifa, ya ce "na gano" sau goma sha ɗaya, Mai-kwalabe ne ya ƙirga. Sannan ya sa safar hannu.

"Ku zaɓi duk wadda kuka ga dama. Minti ashirin."

Ɗaya daga cikin mazan ya nuna ta tsakiya. Dakta ya ɗago ta. Ba ta yi ko yunƙurin ƙwacewa ba, ta yi laƙwas a hannunsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya yi mata allura ta farko, ya yi ta biyu, ya ajiye ta ƙarƙashin kyamara, aka hasko ta a babban allo har ta kai girman kada.

Allurar ta yi aikinta, ba ƙarya. A minti na sha takwas jikinta ya fara murɗawa. Dakta ya dubi agogo, ya dubi baƙi, ya ɗaga gira. Sai ɗa na farko ya fito cikin tantaninsa. Ɗan kulɓa mai rai, yana faɗowa yake wutsil-wutsil ya yaga tantanin da kansa. Wannan bai motsa ba. Baƙi ne ƙirin, ya yi laushi, fatarsa tana saɓulewa. Na biyu haka, na uku haka, duk a kan babban allo, kowa yana gani. Na huɗu ya maƙale rabi a waje. Uwar ta buɗe baki sau biyu, ba ta ƙara rufewa ba. Warin ya danne turaren gwangwani uku.

Gumi ya karyo wa Dakta. "Akan samu irin haka jefi-jefi. Bari mu ɗauki wata."

Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Don ya cike gurbin kunya sai ya riƙa yi wa biyu-biyu a lokaci guda, allura tana shiga inda bai nufa ba. Kafin azahar ya yi wa tara. Ba ɗa ɗaya da ya motsa, uwa biyar sun bi 'ya'yansu.

Tsohuwar Farfesa ta buga sandarta a ƙasa. "Ya isa. Ajiye allurar nan."

Ta taso ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki mataccen ɗa a tafin hannunta ta juya shi. "Wannan ya fi mako da mutuwa." Ta sunkuya ta dubi hancin wata. "Me suke gudu haka har suka cinye fuskarsu a jikin gilashi? Ina duwatsun da za su ɓuya?" Ta ɗaga kai tana neman inda hasken ya fi yawa, sai idonta ya sauka kan guntun igiya da ke reto a jikin fanka. "Wancan fa?"

Dakta ya dubi igiyar. Yana da damar ya faɗi gaskiya a nan, ko ya yi shiru. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ranki ya daɗe, matsalar daga mai kula da su ce. Wata jahilar tsohuwa ce muka gada, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ita ta lalata su da tsummokara da camfe-camfe, shi ya sa na kore ta."

Daga can baya aka yi gyaran murya. Mai-kwalabe ne, wanda shekara talatin ba a taɓa jin bakinsa a taro ba.

"A gafarce ni. Tsohuwar nan gwaggonsa ce, ita ta goye shi. Yau kwana sha bakwai rabonta da dabbobin nan. Ranar da ta bar su, ko wadda ke tari babu."

Mataimakiya ta fito gaba. Ta je ta buɗe kabad, ta jawo shahon ta fuffuke ta ajiye a kan tebur, gaban baƙi. Ta ɗora littafinta kusa da shi, a buɗe, kwana sha bakwai rana bi rana, da sa hannun Dakta a ƙasan kowane shafi.

Farfesa ta karanta shafi uku ta rufe. Ba ta dubi Dakta ba. Ta ce, "Ina matar take?"

Ba ta yi nisa ba. Tana wajen ƙofa, a gindin katanga, inda take zuwa ta zauna kullum tun ranar da aka hana ta shiga. Maigadi ya shigo da ita. Ta cire takalmi a bakin zauren. Ta tsaya ta dubi tiren da aka tara matattun, ta gane Guntuwar-jela a ciki, ta kau da kai.

Ta ce, "A kashe fitilun nan. A kawo duwatsu, da ruwa mai ɗumi. Ku ba ni mayafan teburan nan. Kowa ya fita."

Manyan malamai suka tashi suka nufi ƙofa kamar 'yan makaranta. Dakta ya tsaya da safar hannunsa. "Ni ai dole in..."

"Kai za ka fara fita."

Ya fita. Ya tsaya a baranda cikin sabuwar kwat, ma'aikata suna wucewa ta gabansa da duwatsu da bokitai, ba wanda ya ce masa ya matsa, kewaye shi kawai suke yi.

Kwana uku Gwaggo ta yi a zauren, ta ceci abin da zai cetu. Ga lissafin abin da Dakta ya girba. Cikin uwaye talatin, bakwai suka rayu. Cikin 'ya'ya ɗari da talatin da huɗu da aka fitar, tara ne masu numfashi. Shugabancin sabon sashe aka ba wani. Izinin kamun dabbobi aka soke, aka hana shi taɓa mai rai har shekara biyar. Aikin shekara bakwai aka ce sai wasu sun sake shi daga tushe kafin a yarda da ko layi ɗaya. Mataimakiyarsa ta nemi canji ta bar shi. Aka mayar da shi wani ofis kusa da matakala yana tantance tsofaffin takardu. Gwaggo kuwa, a rana ta huɗu ta ɗaure kayanta a zane biyu ta koma gidan 'yarta, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kwana ƙarƙashin rufinsa ba.